Raino a jami'a: mai duba kundi, mai kama hannu, da rabon mata da ƴan tsiraru

0. Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'o'inmu ya san wannan abu. A shekarar farko ta lisansi akwai ɗalibai mata da dama a cikin aji, wani lokaci ma su ne kan gaba wajen maki. A mastar sun ragu. A daktora ana ƙirga su da yatsu. A taron malaman sashe kuwa, sau da yawa mace ɗaya ce ko biyu a cikin ɗaki. Haka abin yake ga ɗaliban da suka fito daga al'ummomi marasa yawan jama'a, ko daga makarantun da ba na Faransanci zalla ba.

Dalilan da aka saba bayarwa su ne auren wuri, da talauci, da nisan makaranta. Dukkansu gaskiya ne: binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18. Sai dai waɗannan dalilai sun fi bayyana halin yarinyar da ba ta iso jami'a ba. Ba su isa su bayyana halin wadda ta iso, ta ci jarrabawa, ta kare kundin mastar da yabo, sannan aka daina jin labarinta ba. Wannan maƙala a kanta take.

Ra'ayin da za mu kare shi ne: bayan darussan da ake bayarwa a aji, akwai wani ilimi na sanin hanya wanda babba yake miƙa wa ƙarami baki da baki, kuma idan aka bar rabonsa ga sabo da sa'a, waɗanda suka yi kama da babban ne za su same shi. Za mu fara da batun kalma (1), mu bayyana abin da ake miƙawa (2), da yadda wasu suke rasa shi (3), da shaidar amfaninsa (4), da haɗarinsa (5), mu ƙare da shawarwari ga sashe (6).

1. Batun kalma

1.1. Asalin kalmar Turai

Kalmar « mentor » da Faransanci da Ingilishi suke amfani da ita sunan mutum ce tun asali. A cikin tsohon labarin Girkawa na Homer, Mentor aboki ne na sarki Ulis, wanda ya bar wa amanar gidansa da ɗansa Telemak lokacin da zai tafi yaƙi. A cikin labarin, Atena, wadda Girkawa suka ɗauka abar bauta ta hikima, ita ce take shiga siffar Mentor ta yi wa yaron nasiha. Littafin Fenelon a kan tafiye-tafiyen Telemak, wanda ya fito a 1699, shi ya yaɗa sunan har ya zama kalma ta gama-gari, wato dattijon da ke riƙe da hannun matashi.

1.2. Kalmomin Hausa

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fage ba, sai dai kowace tana ɗauke da nata kaya. Mu duba biyar:

(1) malami da almajiri
(2) ubangida da bara, ko yaro
(3) uwarɗaki da ɗiyar ɗaki
(4) jagora da mai bi
(5) mai raino da abin raino

Ta (1) ta tsaya ga karatu, kuma a jami'a duk mai shiga aji malami ne, ko ya san sunan ɗalibi ko bai sani ba. Ta (2) ita ce Emmanuel Grégoire ya yi bayaninta a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi, inda ya nuna attajiri ba ya tsayuwa da dukiya kaɗai, sai da abin da ake kira arzikin mutane, wato yawan barorin da ke yi masa hidima, shi kuma yana ɗaukar nauyinsu. A nan amfanin ubangida ne a gaba, kuma ba a yanka ranar rabuwa. Ta (3) tana da kyau domin ta nuna mata suna da nasu tsarin taimakon juna tun da daɗewa, amma ita ma akwai hidima da kyauta a cikinta. Ta (4) ta yi sauƙi da yawa: jagora yakan kai mutum bakin gari ya juya.

Mun zaɓi ta (5) saboda dalili ɗaya. A Hausa raino yana da iyaka sananniya, wato yaye, kuma wannan kalma ce muke amfani da ita idan makaranta ta sallami ɗalibanta. Ba mu saba jin an ce ubangida ya yaye baransa ba. Saboda haka a cikin wannan maƙala, raino shi ne dangantakar da babba ke riƙe da ƙarami da nufin ƙaramin ya tsaya da ƙafarsa, ya zama abokin aiki.

Wannan ya yi daidai da abin da Kathy Kram ta samu a Amurka. A bincikenta na 1983, da littafinta na 1985, ta raba irin wannan dangantaka zango huɗu: farawa, girma, rabuwa, da sake fasali, inda mutanen biyu suke komawa tsara a wurin aiki. Ta kuma raba aikin mai raino gida biyu. Gida na farko na ci gaban aiki ne: gabatar da ƙarami ga manya, ambaton sunansa inda ba ya nan, kare shi, ba shi aiki mai wuya da zai fito da shi. Gida na biyu na kwantar da hankali ne: zama abin koyi, saurare, da nuna wa ƙarami cewa wurin nan nasa ne shi ma.

Daga nan za a gane mai duba kundi daban, mai raino daban. Sashe ne yake naɗa na farko, aikinsa a rubuce yake, yana ƙarewa ranar kare kundi. Na biyu babu takardar da ta ambace shi. Mutum ɗaya yana iya haɗa ayyukan biyu, amma tsarin jami'a bai tilasta masa ba, bai kuma tambayi wanda ya samu da wanda ya rasa ba.

2. Abin da ba a koyarwa a aji

Tun da aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973 kuma aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, har zuwa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa na 2010, da na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi na 2014, hanyar ƙarin girman malami ɗaya ce: CAMES, majalisar da ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Malami yakan haɗa takardunsa da maƙalolinsa, kwamitin masana fanninsa ya duba, a sa shi a jerin waɗanda suka cancanci matakin gaba ko a ce ya sake shiri. Ƙa'idojin a rubuce suke, kowa yana iya karantawa. Amma ga wasu tambayoyi da takardar ƙa'ida ba ta amsawa:

a) Wace mujalla ce kwamiti yake ganin girmanta, wace ce kuma take karɓar kuɗi ta buga kome, ta ɓata wa mutum suna?
b) Yaya ake fitar da maƙala biyu ko uku daga kundin daktora ba tare da maimaita abu ɗaya ba?
c) Idan masu tace maƙala suka mayar da ita da gyare-gyare masu zafi, ƙi ne ko gayyata ce a sake aikowa?
d) Yaushe ake buɗe neman bursu, wa ya kamata ya rubuta takardar shaida, kuma kwana nawa ake ba shi?
e) Wane aikin ofis ne sabon malami zai karɓa, wane ne zai cinye masa shekara uku babu rubutu ko ɗaya?

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar basira ta musamman. Kowace ana amsa ta cikin minti goma idan akwai wanda za a tambaya. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Mu da muka yi daktora da Faransanci, idan muka yi wa kanmu adalci, kowannenmu zai tuna wani babba da ya gyara masa maƙalar farko jimla bayan jimla, ko ya rubuta wa wani abokinsa a waje ya ce ga yaro nan tafe. Ba a rubuta wannan a takardar digiri, shi ya sa muke saurin mantawa mu ce ƙoƙarinmu ne kaɗai.

A nan ne kuma doka take da iyaka. Zanga-zangar matan Yamai ta ran 13 ga watan Mayu 1991, da suka nemi a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya taron ƙasa, ita ce asalin ranar matan Nijar. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ware kashi 10 na kujerun zaɓe da kashi 25 na naɗe-naɗe, aka ɗaga su zuwa 25 da 30 a 2019. Amma ana iya naɗa minista da doka, ba a iya naɗa farfesa da ita. Matakin farfesa sai da maƙaloli da ɗaliban da aka yaye, su kuwa sai da shekarun da wani ya nuna hanya.

3. Yadda ake rasa raino

3.1. Wuri da lokaci

Ilimin da muka bayyana a sama ba a ofis aka fi ba da shi ba. A fada ake ba da shi, bayan la'asar ko bayan isha'i, ana shan shayi. Ko a hanyar masallaci. Ko a cikin mota idan malami ya ɗauki ɗalibai zuwa aikin fili. Waɗannan wurare na maza ne. Ɗaliba, balle matar aure mai goyo, tana barin jami'a da an tashi aji, domin wani aikin yana jiranta a gida.

Mu kanmu mun taɓa faɗawa cikin wannan. Wata shekara sanarwar wani tallafin bincike ta iso mana, muka ambace ta da dare a fada, ɗalibai maza uku suka ji, suka haɗa takardu. Bayan an rufe karɓa, ɗalibar da ta fi su maki ta zo ofis da babi na biyu na kundinta, muka tambaye ta dalilin da ba ta nema ba. Ta ce: « Malam, ai ban ji ba. » Ba wanda ya yi niyyar hana ta. Amma sakamakon bai bambanta da na wanda ya yi niyya ba.

3.2. Tsoron zargi

Yawancin manyan malamai maza ne. Malami namiji da ya damu da sunansa yakan guji zama da ɗaliba su biyu, ya gajarta ganawa, ya ƙi ɗaukar ta zuwa aikin fili. Ita ma takan guji yawan zuwa ofishinsa, domin idan ta ci jarrabawa za a ce ba kanta ne ya ba ta ba. Tsoron yana da tushe, tun da akwai malaman da suka ci amanar ɗalibai. Sai dai maganin da aka zaɓa, wato nesanta, ɗalibar ce take biyan kuɗinsa: ɗalibi namiji ya sami awa biyu, ita ta sami minti goma a tsaye bakin ƙofa.

3.3. Harshen shaida

Wannan sashe ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin harshe. A 2003 Frances Trix da Carolyn Psenka sun nazarci takardun shaida fiye da 300 da aka rubuta wa masu neman aikin koyarwa a wata makarantar likita ta Amurka. Sun samu takardun mata sun fi gajarta, sun fi ɗauke da kalmomin da ke sa shakka, kuma an fi yabon mata da ƙwazo da himma, maza kuwa da bincike da fice.

A 2012 Corinne Moss-Racusin da abokan aikinta sun aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aiki iri ɗaya, wasu da sunan namiji, wasu da sunan mace. Mai sunan namiji aka ga ya fi cancanta, aka yanka masa albashin wajen dalar Amurka 30 000 a shekara, mai sunan mace wajen 26 500, aka kuma fi nuna niyyar rainon namijin. Malamai mata da maza duk haka suka yi. A wani gwajin kuma, Katherine Milkman da Modupe Akinola da Dolly Chugh sun aika wa malamai fiye da 6500 a jami'o'in Amurka 259 wasiƙa iri ɗaya ta ɗalibin da ke neman ganawa kafin ya shiga daktora, suna sauya suna kawai. Sunayen fararen maza suka fi samun amsa, a kan na mata da na sauran jinsuna.

Waɗannan alƙaluma na Amurka ne, ba za a ɗora su a kan Nijar kai tsaye ba. Amfaninsu shi ne su sa kowannenmu ya buɗe takardun shaidar da ya rubuta ya ƙirga. Sau nawa muka ce ɗaliba « sérieuse » ce, « assidue », « disciplinée », wato mai ladabi da zuwa aji kullum, muka ajiye « brillant » da « original » ga ɗalibi? Ladabi abin yabo ne a gidan miji da gaban iyaye. Kwamitin bursu kuwa yana neman jimlar da ta ce wannan ɗaliba ta gano kaza, ta kuma gyara kuskuren wane.

3.4. Ƴan tsiraru

Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma: Larabci, Buduma, Fulfulde, Gurmanci, Hausa, Kanuri, Sonai-Zarma, Tamajak, Tasawak da Tubanci. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗauki Hausa harshen ƙasa, ya ɗauki Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan ya ƙara mana nauyi, mu masu aiki a kan Hausa, domin mu ne masu rinjaye a sashe, kuma mai rinjaye ba ya saurin ganin abin da ya rufe wa wani hanya.

Ga yadda hanyar take rufewa. Ɗalibi mai jin Buduma daga bakin tafkin Cadi ya zo yana son nazarin harshensa. Aka ce babu malamin da ya san harshen, ya ɗauki batu a kan Hausa. Ya ɗauka, ya gama, ya tafi. Bayan shekara goma wani ya zo da irin wannan buƙata, amsar ba ta sake ba, domin wanda zai zama malamin shi ne aka juya tun farko. Alhali duba kundin bayanin harshe ba ya buƙatar malami ya ji harshen. Yana buƙatar ya san hanyar tattara bayani da tantance shi, ɗalibin ya kawo kunne da baki. Kundin da Ousseina Alidou ta rubuta a jami'ar Yamai a 1988 a kan Tasawak na Ingal yana cikin ayyukan da masu nazarin wannan harshe suke komawa gare su, ita kuma daga baya ta zama farfesa a jami'ar Rutgers ta Amurka. Da an ce mata ta canza batu, da fannin ya yi hasara.

Akwai kuma wata illa da ta fi ɓoyuwa: a mayar da irin wannan ɗalibi mai ba da bayani kawai. Shi ya yi rikodi, shi ya rubuta, shi ya fassara, maƙala ta fito da sunan malami, nasa sunan yana cikin godiya a ƙasan shafi. Robert Merton ya bayyana a 1968 yadda yabo yake taruwa wurin wanda ya riga ya yi suna. Margaret Rossiter ta nuna a 1993 yadda aikin mata masana yake komawa sunan maza. Godiya ba ta shiga takardun CAMES.

Cikin ƴan tsiraru muna sa waɗanda suka biyo ta makarantun Faransanci da Larabci ko jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda ta fara aiki a 1986. Sau da yawa su ne masu iya karanta ajami da tsoffin rubuce-rubucen da mu ba mu iya ba, amma akan auna su da kuskuren Faransancinsu kaɗai. Muna sa makafi da kurame da guragu, waɗanda matakalar bene ko rashin mai karanta musu yake raba su da ofishin malami tun kafin a zo batun ilimi.

4. Shaidar amfani

Ana iya cewa wanda ya sami mai raino dama can haziƙi ne, shi ya sa babba ya kula da shi. Akwai gwaji ɗaya da ya amsa wannan. Daga 2004 ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka ta shirya wa sababbin malamai mata zama na kwana biyu, inda ake haɗa su rukuni-rukuni da manyan fanninsu, a karanta aikin kowace, a tattauna bugu da neman tallafi. Masu nema sun fi kujeru yawa, sai aka yi ƙuri'a. Ke nan waɗanda suka shiga da waɗanda suka rasa ba su bambanta da kome ba sai sa'a. A 2010 Francine Blau da Janet Currie da Rachel Croson da Donna Ginther suka bayyana sakamako: waɗanda suka shiga sun fi buga maƙaloli, sun fi shiga manyan mujallu, sun fi samun tallafin bincike. Abin lura a nan, zaman na kwana biyu ne kawai, kuma a rukuni aka yi shi.

A Afirka, shirin AWARD da aka fara a Nairobi a 2008 yana haɗa kowace matashiya mai binciken noma da babba guda, ita kuma daga baya ta riƙe wata ƙarama. Cibiyar CODESRIA ta Dakar tana shirya zaman nazarin jinsi ga matasan masana tun 1994.

Amma ba sai mun je nesa ba. Nana Asma'u (1793-1864), ɗiyar Shehu Usmanu wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau, ta kafa tsarin ƴan taru. Ta zaɓi dattijai mata, kowace ana ce mata jaji, ta ba ta malfa, wadda a ƙasar Gobir alama ce ta Inna, ta ɗaura mata jan rawani. Jaji takan taho daga ƙauye da tsofaffi da ƴan mata, su ɗauki karatu, su koma su kai wa matan auren da ba su iya barin gida. Darussa uku muke ɗauka daga nan. Aikin yana da suna da alama, kowa ya san wadda aka ɗora wa. A rukuni ake yin sa. Sannan an gina shi bisa halin da matan suke ciki, karatu ne ya je inda suke.

5. Haɗari

Raino yana iya ruɓewa ya koma barantaka. Alamominsa sanannu ne: ɗalibi yana gyaran takardun jarrabawar malami, yana kai ƴaƴansa makaranta, yana jiran sa hannu shekara da shekaru, kuma ranar da ya nemi yin aiki da wani malami sai a ce ya yi butulci. Ga ɗaliba abin yakan kai ga neman lalata a bakin maki ko sa hannu. Wannan cin amana ne, kuma wurin maganarsa hukumar ladabtarwa. Ma'aunin da muka bayar a 1.2 yana aiki a nan: a tambaya ko dangantakar tana tafiya wajen yaye.

Haɗari na biyu shi ne a tara wa mata ƙalilan da ke sashe dukkan ɗalibai mata, da duk wata matsala ta ciki da goyo da rikicin gida, a ce ai su suka fi fahimta. Lokacin da suke kashewa a nan daga lokacin rubutunsu ake cire shi, sai ƙarin girmansu ya makara, sai a ce mata ba sa bugu. Tun da manyan malamai maza ne suka fi yawa, mafi yawan rainon mata a kansu yake. Samun mace a sama yana da amfani na abin koyi, kamar lokacin da Bouli Ali Diallo ta zama shugabar jami'ar Yamai a 1999, amma abin koyi ba ya gyara maƙala.

6. Shawarwari ga sashe

Ba mu kawo abin da ke buƙatar kasafin kuɗi ba.

(i) Duk sanarwar bursu, taro, ko neman maƙala a manna ta a allon sashe, a kuma aika wa dukkan ɗalibai a rana ɗaya. Kada malami ya faɗa wa kowa kafin haka.

(ii) Kowane malami ya manna awoyin ganawa da rana, ƙofa a buɗe, da takardar da ake rubuta wanda ya zo da tsawon zamansa. Wannan yana kare malami daga zargi, yana kuma nuna masa wanda ba ya zuwa.

(iii) Kowane ɗalibin daktora da sabon malami a ba shi mai raino wanda ba shi ne mai duba kundinsa ba, yana iya kasancewa daga wata jami'a. Ana iya sauya shi ba tare da ba da dalili ba.

(iv) A riƙa zaman karanta aikin juna sau ɗaya a wata, mutum huɗu ko biyar da babba ɗaya, kafin azahar.

(v) A rubuta ƙa'idar sa suna a maƙala kafin a fara aikin fili. Wanda ya tattara bayani ya kuma tantance shi marubuci ne.

(vi) Kada a ƙi batun kundi don babu mai jin harshen a sashe. A nemi mai duba na biyu a wata jami'a.

(vii) Ɗalibar da ta haihu a tsara mata sabon jadawali a rubuce, da ranar dawowa, kada a bar abin ga halin malami.

(viii) Kowace shekara sashe ya ƙirga, mataki bayan mataki, mata nawa da maza nawa suka shiga, nawa suka gama, nawa suka sami bursu, a karanta a taron malamai. A kuma lissafa raino cikin nauyin aikin malami.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa duba kundi aiki ne da tsari ya sani, raino kuwa an bar shi ga sabo, kuma sabo yakan bi kama: jinsi ɗaya, harshe ɗaya, makaranta ɗaya, fada ɗaya. Mun nuna akwai shaidar gwaji cewa raino da aka tsara yana ƙara bugu da tallafi, kuma ƙasar Hausa ta taɓa tsara irinsa ga mata tun ƙarni na 19. Abin da ya rage shi ne sashe ya ba aikin suna, ya raba shi a fili, ya riƙa ƙirgawa.

Muna roƙon abokan aiki na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai su gwada shawara ta (i) da ta (viii) na tsawon shekara ɗaya ta karatu, su aiko da abin da suka samu domin fitowa ta gaba ta waɗannan takardu. Muna kuma maraba da gyara a kan kalmar raino, musamman daga masu nazarin sauran harsunan ƙasa, domin a ga yadda kowane harshe yake kiran wannan dangantaka da kuma ƙarshenta.